Sunan da ba a kamawa a gidanmu

Ɗana, barka da arziki. Allah Ya raya mana shi a kan sunnar Ma'aiki, Ya ba maijego lafiya, Ya nuna maka aurensa. Saƙonka ya iske ni bayan la'asar ina tsintar wake a rakuba, wato rumfa, na sa yarinyar nan ta sake kunna mini shi har sau uku. Ban mayar maka da murya ba don na san kuka zai ci ƙarfina a tsakiya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Ka ce babanka ya kira ka daga Kasala ya ce a mayar da sunan Malam. Ba ka ƙi ba, sai dai kana tambaya: yaya za a sa wa yaro sunan da uwarsa ba za ta kama ba, kai ma ba za ka kama ba? Addini ne ko al'ada? Ka ce abokan aikinka na Jidda sun ƙagu su ji sunan don su fara kiranka Abu wane. Ka kuma ce kai wannan kakan ba ka san shi ba, kana rarrafe ya rasu. Wannan ta ƙarshen ita ta fi sosa mini rai, kuma laifin namu ne mu manya da muka bar ka ka kai shekarun haihuwa ba mu zaunar da kai mun ba ka labarinsa ba.

Bari in sallami ta addini tukuna, don gajeriya ce. Mayar da sunan magabaci yana da asali. Ya zo a Sahihu Muslim cewa da aka haifa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗa namiji, ya ce ya sa masa sunan babansa Ibrahim. Amma ba farilla ba ce, wanda bai yi ba bai ɗauki zunubi ba. Sakaya sunan kuwa, wato alkunya, wannan tamu ce, ta Hausa da Fulani. Ita kalmar daga Larabci muka aro ta, ita ce dai wannan Abu wane da abokanka ke son laƙaba maka, sai dai mu mun juya ta. Balarabe yana girmama mutum da sunan ɗansa na fari a bainar jama'a, Bahaushe kuwa sunan ɗan farin ne ma ba ya fita daga bakinsa. Ka tashi a nan Sudan, ka san wad wane da bit wane, mutum ana kiransa da sunan ubansa yana jin daɗi. Kowa da hanyar da yake bi ya girmama nasa. Kada ka raina tasu, kada kuma ka sunkuyar da kai a kan tamu.

Yanzu ga mai sunan.

Ba a Sudan aka haifi kakanka ba. A wani ƙauye ne na ƙasar Haɗeja, kuma bai fi shekara tara ba lokacin da mahaifinsa ya sayar da gona da awaki, ya yi wa jaki labtu, ya ce sun tasar wa Makka. A ƙafa fa. Suka bi ta Yarwa, ta Fallomi wadda yanzu ake kira Injamena, ta Abashe, suka nufi Jinaina. Inda damina ta riske su nan za su yada zango, su yi ƙwadago a gonar wani, su tara guzuri, kaka ta yi su ƙara gaba. Tsakanin Abashe da Jinaina zazzaɓi ya kama tsohon. Kwana huɗu ya yi. 'Yan ayari suka yi masa sutura, suka haƙa a gindin wata aduwa, suka rufe shi, suka tara ƙaya a kai saboda kuraye. Da asuba aka ɗaure kaya aka ci gaba, don ruwan da ke cikin salka ba zai jira zaman makoki ba. Baba ya ce ya yi ta waiwayen aduwar nan har ta shige cikin sauran itatuwa. Bayan ya girma, duk matafiyin da ya sauka gidanmu daga yamma sai Baba ya kwatanta masa wurin, ko ya gani. Aduwa kuwa a wannan hanya ba ta ƙirguwa.

Shi da mahaifiyarsa suka ƙaraso Fashir, suka kai Al'ubayyid inda ya fara ganin jirgin ƙasa, daga bisani suka sauka Maiwurno a bakin kogin Bahar Azrak, reshen Nilu, kudu da Sinnar. Ka san garin, amma ban sani ba ko an taɓa gaya maka wanda ya kafa shi: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903. Mutanenmu da yawa can suka fara ajiye kaya. A can Baba ya yi karatun allo har ya haddace Alƙur'ani da ruwayar Warshu. Lokacin cirar auduga kuma sai ya bi sa'o'insa zuwa Jazira. An gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya bi magudanai, auduga ta cika ƙasa, ana neman hannu ido rufe. Hawasha, wato gonar audugar, ta wasu ce, namu suna kwana a kambo, sansanin 'yan ƙwadago, ana biyansu da kwando. Har ya koma ga Allah akwai tabon ƙwanson auduga a gefen faratansa. Da kuɗin nan, kwabo kan kwabo, ya sayi tsohon keken ɗinki Singer na ƙafa, ya koma Madani ya sami gefen barandar wani mai sayar da yadi a kasuwa, ya zauna.

Makkar da aka fito dominta sai da aka yi shekara ashirin da ɗoriya kafin ya gan ta. Ina 'yar mitsitsiya, ba a daɗe da sauke tutar Ingila da ta Masar ba a 1956, ya ɗauki mahaifiyarsa suka bi jirgin ƙasa zuwa gabas, suka hau na ruwa daga Sawakin zuwa garin da kake zaune yanzu. Ya sauke faralinsa, daga baya ya sake komawa ya yi wa tsohon da aka bari a gindin aduwa. Da yawa daga abokan tafiyarsa sun yi zamansu a Makka da Madina. Shi ya dawo saboda mu. Duk da haka har ƙarshen rayuwarsa in aka tambaye shi mutumin ina ne, sai ya ce matafiyi ne.

Mu mata uku ne a jere kafin a haifi babanka. Ranar da ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne, Baba bai yi shawara da kowa ba. Ya karɓi jaririn, ya yi masa huɗuba a kunne da sunan wancan tsohon, ya miƙa shi, ya fita zaure bai ce uffan ba. Ba shi da kabarin da zai ziyarta, ba shi da hoto, ko sandan tsohon bai tsira da shi ba. Suna kaɗai ya iya ɗaukowa daga can, shi ya kawo Madani ya ɗora wa jariri. Wannan Abba da ka ji kowa na kiran babanka da shi, har 'yan unguwa, daga nan ya samo asali. Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga masa hannu ba, in ya yi ɓarna sai ya tura shi wurin kawunmu ya hore shi. In an kawo akushi kuwa, sai ya ce a kira masa Abba, ya ba shi lomar farko kafin ya kai tasa baki. Mu yara muna ganin son kai ne. Sai da na girma na gane wanda yake ciyarwa.

A kasuwa Larabawa Haj tarzi, wato Alhaji tela, suke ce masa, wasu su ce Faki. Jallabiya da arragi yake ɗinka musu, na damuriya da na farin yadi, namu kuma kaftani da 'yar shara. Abu biyu aka san shi da su. Ƙyallen da ya rage, ko na tafin hannu ne, sai ya naɗe shi ya sa a aljihun rigar, mai kaya ya je gida ya tarar da abinsa. Na biyu, ba ya karɓar ladan ɗinkin likkafani, ko da tsakar dare aka buga masa ƙofa. Goman ƙarshe na azumi ba ma ganinsa sai da sahur, yana can shi da fitilar ratina, keke na kuka har gari ya waye. Ranar jajibere ni ake aika in kai masa abin buɗa baki, in same shi idanu jajur, zare a leɓe, yana ƙarasa rigunan marayun unguwa waɗanda ba wanda ya kawo yadinsu.

Batijjane ne. Bayan magariba a shimfiɗa farin ƙyalle a zaure a yi wazifa, ranar Juma'a da yamma a yi zikiri har rana ta faɗi. Bayan isha'i a hura wutar karatu a ƙofar gida, wadda mutanen nan ke kira tugaba, yara su kewaye ta da allunansu, maza da mata. Shi ya kai ni makarantar gwamnati da hannunsa lokacin da dattawan unguwa ke ganin abin kunya ne, aka yi ta yi da shi, bai ko waiwaya ba. Shekarun da na yi ina koyarwa duk daga wannan safiyar suka fito. Kuma ba mutum ne mai ƙyamar abin maƙwabta ba. Rahamatat ɗin nan da ake yi Alhamis ɗin ƙarshe ta azumi, a dafa abinci a raba wa yara sadaka ga mamata, ba mu zo da ita daga Hausa ba, a nan ya gan ta. Ya ce sadaka ce, sadaka kuwa tana isa ga mamaci, sai ya sa Inna ta riƙa haɗawa da gumba irin tamu. Har bana na daka.

Ba zan ce maka waliyyi ba ne. Yana da zuciya, in ransa ya ɓaci sai ya yi kwana uku bai yi wa kowa magana a gida ba, Inna ta sha wahalar wannan shirun. Yana kuma da taurin kai a kan asibiti, wanda na tabbata ya rage mana kwanakin da za mu yi da shi, ko da yake ajali ba ya wuce lokacinsa. Ina gaya maka ne don in yaron nan ya taso da zuciya, ka san inda ya gado ta, ka kuma san tana tanƙwaruwa.

Abin da ya fi ba shi nishaɗi tattabaru ne. Ya gina musu ɗaki na laka a bayan gida, ya jera tukwane a jikin bango. Da hantsi kafin ya fita kasuwa sai ya tsuguna da ƙwaryar dawa yana musu magana. Mutumin da ba ya kama sunan matarsa, ba ya kama na 'yarsa, kowace tattabara ya raɗa mata suna, kuma duk sunayen garuruwan hanya ne. Ga Yarwa, ga Abashe, ga Fashir mai baƙin wuya, ga Sawakin fara fat. In ɗaya ta mutu sai a mayar wa ɗiyarta sunan. Ta bakin tattabarun nan muka haddace hanyar da aka bi aka kawo mu, tun ba mu san taswira ba. Ba ya sayar da su. In mace ta haihu a unguwa, ko wani ya tashi daga ciwo, sai ya kama 'yan shila biyu ya aika a yi masa romo.

Sai rediyo. BBC ta fara Hausa a 1957, da ya sami hali ya sayi akwati mai batir, ya ɗinka masa riga da hannunsa. Dattawa su taru a rakuba, ana zuba jabana, wato gahawa, wasu na buga dara a ƙasa, da an ce ga London kowa ya yi tsit. Ina tuna watan Janairun 1966, cikin azumi, da labari ya zo an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Baba ya rufe keke ana tsakiyar ɗinkin salla, abin da bai taɓa yi ba, ya tara mutane aka yi saukar Alƙur'ani. Ƙasar da ya baro yana ɗan shekara tara ce, bai sake taka ta ba, amma ranar na ga hawayensa.

To, ga yadda abin yake tafiya in ka mayar da sunan. A takarda ka rubuta shi cikakke, da naka, da na babanka, yadda hukuma ke so. Alƙur'ani ma ya ce a kira 'ya'ya da iyayensu. Malamin makaranta zai kira shi da shi, likita zai kira shi da shi, ba komai. In ta kama dole a asibiti ko a ofis, uwarsa ta faɗa, ba abin da zai same ta, don ba a yi alkunya don a wahalar da kowa ba. A cikin gida ne ake sakayawa. Abba an riga an ba babanka, saboda haka ku duba cikin Baffa, ko Malam, ko Halifa, ko Dattijo, ko Baban Gida. Ka bar wa maijego ta zaɓa, ita za ta fi kowa kiransa. Ka kuma zauna da ita tun yau ka ji ta bakinta. Ita ma tana da uba, tana da kakanni, wataƙila akwai sunan da ta daɗe tana ajiye wa a ranta. Kada a yi mata fin ƙarfi tana kan gadon biƙi. In ta amince da daɗin rai, ka riƙe mata wannan alherin, na gaba nata ne.

Ka gaya mata kuma ta shirya, yaron nan zai sha gata. Ranar da ta ɗaga murya a kansa a gabanmu za ta ji mun ce kada ta zagar mana uba. Sauran jikoki ina tsokanarsu, wannan mijina ne, wannan ya cika rowa, in Muharram ta zo a yi ta rigimar kuɗin shara. Shi wannan ba zan iya ba. Babana zan ce masa, in ya shigo in gyara zama.

Ranar bakwai ka yanka rago. Za ka ga mutanen can suna yanka biyu wa ɗa namiji, suna da hujjarsu. Mu a mazhabar Malik ɗaya ya wadatar, namiji ko mace, kada ka ci bashi don ka yi daidai da wani. A aske masa kai, ka yi sadaka da kimar nauyin gashin na azurfa. Wanzami in babu, mai aski na unguwa ya isa. Ka kira dattawan Hausawa na kusa da kai, ba za ka rasa su a Jidda ba, a sa albarka, a raba dabino. In da saura a hannunka ka turo nan Gadarif, akwai waɗanda yaƙi ya koro da suka daɗe rabonsu da nama.

Ka ce abin da ke damunka shi ne suna ya zama kamar an binne shi. Ni ce 'yar farin Baba. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Yarinyar nan, ko ke, ko ya ce da Inna ina 'yarki. Ƙannena yana kiransu, yana ɗora su a cinya, ni ko kallona ba ya yi sosai a gaban mutane. Na san al'ada ce, amma sani bai hana abin ci mini rai ba, musamman da nake ganin ƙawayena Larabawa ana kiran ubanninsu da sunansu. Na yi aure, na haihu, na yi furfura da wannan ƙullin.

A ciwonsa na ajali ni nake kwana a ƙofar ɗakinsa. Wani dare, can wajen sulusin ƙarshe, na farka na ji motsi. Ya lallaɓa ya sauko daga angare, gadonsa na igiya, ya yi taimama, yana salla a zaune. Da ya sallame ya ɗaga hannu, sai na ji yana jero mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa na yanka. Da nawa ya fara. Ya faɗe shi cikakke, ya haɗa da nasa, ya maimaita sau uku, yana roƙa mini abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ina buƙatarsu ba. Daga yadda harshensa ke gudu a kai na gane ba daren ya fara ba. Na toshe bakina da mayafi don kada ya san na ji. Da safe na kai masa kunu, ya ce yarinyar nan, ajiye a nan. Bayan kwana shida ya cika, ranar Alhamis, kana bayan uwarka a goye ana fita da shi.

Da muka baro Madani a watan Disamban 2023, abin da na iya ɗauka nasa Alƙur'aninsa ne cikin gafaka da almakashinsa. Waɗanda suka koma sun ce keken ba ya nan, ɗakin tattabaru ya rushe, ko ɗaya ba ta saura ba. Kabarinsa yana nan, sun gani, sai dai ƙafafuna har yau ba su ba ni damar zuwa ba. Almakashin na naɗe shi a ƙyalle na ajiye wa mai sunan, duk wanda zai zo wajenku zan ba shi ya kawo.

Ra'ayina ka riga ka gane shi, ka mayar. In ya fara wayo kuma kada ku yi irin sakacin da muka yi da kai, ka zaunar da shi ka jero masa garuruwan nan tun daga Yarwa. Ka gaishe mini da maijego da kyau, ka ce ta riƙa shan kunun kanwa da zafinsa ko da babu mai yi mata wankan jego. Hoton da ka turo fuska ce kawai, an naɗe shi har wuya. Ka buɗe zanen ka ɗauko mini hannuwansa, ina so in ga yatsun. Na Baba dogaye ne.